Ƙaramin ciki: shirun da jiƙon

Ɗiyata, saƙonki ya iso ni bayan la'asar, na karanta har sau biyu. Kin ce kin yi ɓatan wata, Hajiyar mijinki ta hana ki faɗa wa kowa sai cikin ya wuce wata uku, ta karɓe miki taɓarya, ta kuma aiko da jiƙo a gora wai na riƙe ciki. Kina tambaya ko duk camfi ne. To, ba duka ba. Na tsufa a aikin karɓar haihuwa, bari in rarrabe miki.

Shirun nan mu ma an yi mana shi. Iyayenmu suna cewa tsoron baki ne, ga kuma kunyar cikin fari. Amma abin da idonsu ya gani gaskiya ne: yawancin ɓari a makonni 12 na farko yake faruwa. Dalilinsa ne ba su sani ba.

A jikinki akwai sinadarai da ake kira homon, 'yan aike ne masu bin jini. Ɗan aike kuwa ba ya da amfani in ba mai karɓar saƙo. Wasu homon ɗin a ƙofa suke tsayawa su yi sallama. Amma istrojin da furojestaron, da yake dangin kitse ne, ratsa bangon ƙwayar halitta suke yi. Makarɓansu su riƙe su, su zauna tare a can ƙuryar ɗaki, kan kundin gadon halitta, su buɗe wannan shafi su rufe wancan. Waɗannan makarɓa iri 48 ne a jikin ɗan Adam. Na istrojin wani masani a Shikago, Elwood Jensen, ya fara ganowa a 1958.

Ki ɗauka jere ake yi wa amarya. Bayan al'ada ta ɗauke, istrojin ne ke yaɓe mahaifa, ya kaurara shimfiɗarta, shi ne kuma ke girke makarɓan da furojestaron zai tarar. Da ƙwai ya fita, gurbin da ya bari a gidan ƙwai sai ya shiga zubo furojestaron, shi kuma ya tausasa shimfiɗar, ya cika ta da abinci, ya kwantar da naman mahaifa kada ya riƙa murɗawa. Ɗan tayin, wanda bai kai kan allura ba, yana kwana uku zuwa huɗu a bututu kafin ya faɗo, ya fara maƙalewa wajen kwana na shida ko na bakwai. Ƙofar karɓarsa kuwa kwana huɗu ne ko biyar take buɗe. In ya makara, ko shimfiɗar ba ta ji saƙo ba, sai ya wuce da jinin al'ada, matar ma ba ta san an yi ba. Wannan gurbin ƙwai shi ke riƙe da cikin har wajen mako na 8 zuwa 10, sannan mabiyiya ta karɓi aikin. Kin ga kenan lokacin da Hajiya ke cewa a yi shiru, lokacin miƙa ragama ne.

Taɓarya kam, ki bar mata, hutu ne ya zo miki har gida. Sai dai daka da shara ba su ne ke zubar da ciki ba. Kusan rabin ɓarin farko daga ginin ɗan tayin ne tun ranar haɗuwa. Na taɓa zama da wata yarinya da ta kwana kuka wai guga biyu da ta ja a rijiya ne suka jawo mata, dangin miji kuma suna gyaɗa kai. Har yau abin na ci mini rai.

Jiƙon ne ba na so. Ba raina Hajiya nake ba, don likitocin Turawa ma sun yi wannan kuskuren. Daga shekarun 1940 aka riƙa ba masu ciki a Amurka wani istrojin na haɗi mai suna DES, wai yana hana ɓari. Bai hana ba. Sai a 1971 likitocin Boston suka gano cewa wasu 'yan matan da iyayensu mata suka sha shi lokacin da suke ɗauke da cikinsu suna kamuwa da wata irin sankarar farji, daga baya aka ga wasu mahaifarsu ta fito a karkace. Makarɓi ba ya tambayar wa ya aiko, duk abin da ya yi kama da saƙo karɓa yake. Shi ya sa maganin ƙurajen fuska mai suna isotretinoin ke nakasa ɗan tayi, don shi ma irin wannan ƙofa yake bi. Saiwar da ba ki san sunanta ba balle awonta, a makonnin da ake ƙera zuciya da laka, ina dalili?

Ki karɓi gorar hannu bibbiyu, ki yi godiya, ki sa mijinki ya gaya mata an ce kada ki haɗa komai da maganin asibiti. Daga bakin ɗanta zai fi sauƙin shiga. Shirun kuma na maƙwabta ne, ban da malamar awo: ki je da wuri, ki fara shan folik asid, gishirinki ya zama mai aidin, don a watannin nan homon ɗin da wuyanki ke haɗawa da aidin ne ke gina ƙwaƙwalwar ɗan. In kin ga jini ko ciwon mara ta gefe ɗaya, kada ki jira gari ya waye.

Ban faɗa wa babanki ba, ke ma ki ja bakinki. Tsamiyar da kika ce ranki na so zan ba direba ya kawo ran Laraba.

Gwaggonki.