Maigidana mai olsa ya sha ruwa da rana a Ramadan, kaffara ce a kansa ko ciyarwa?

Tambaya: Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. Maigidana direban adaidaita ne, ya daɗe yana fama da olsa ga kuma ciwon baya saboda zaman tuƙi, kullum da sahur sai ya sha haɗin da ake masa a kemis kafin ya fita. A azumin nan wata rana bayan azahar aka kawo shi gida yana murƙususu ya dafe ƙahon zuciya, ya yi amai, gumi sai keto masa yake, ni na matsa masa ya sha ruwa da madara, aka kira mai kemis ya ƙara masa ruwa leda biyu. Ya ɗan samu sauƙi sai dai jiri, kuma tun kafin ranar bayan gidansa baƙi ƙirin ne kamar kwalta har yanzu bai canza ba. Yayansa ya ce ni na karya masa azumi sittin ta hau kansa, wani malami a unguwarmu kuma ya ce mai olsa ba ya azumi, ya dinga ciyarwa kawai har ƙarshen rayuwarsa. Malam wanne za mu bi?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Baiwar Allah, Allah ya ba maigidanki lafiya ya sa kaffara ce. Kafin maganar sittin da ciyarwa, abin da kika faɗa a ƙarshe kamar ba komai ba shi ne ya fi tayar min da hankali, wato baƙin bayan gidan nan da jiri. Likitoci sun tabbatar cewa idan mai olsa ya fara irin wannan bayan gida, baƙi mai danƙo mai wari, galibi gyambon ne yake zubar da jini a ciki, jinin ya narke kafin ya fito shi ya sa ba ya zuwa ja. Maganin ƙarin jini ma yana sa bayan gida ya yi baƙi, amma ke ba ki ce yana shan sa ba, kuma ga jiri ga amai ga gumi. To yau ɗin nan ki kai shi asibiti sashen gaggawa, kar ki jira gari ya waye, kar ki jira yayansa ya amince, ruwan da mai kemis ya ƙara masa bai tsayar da jinin ba, ɗan ƙarfi kawai ya ba shi.

Wannan bayanin shi ne ya canza hukuncin gaba ɗaya. Da ƙwannafi ne kawai ko ɗan zafin ciki da yake lafawa in an sha ruwa da magariba, da sai mu ce ya yi haƙuri ya kai azuminsa. Da ciwo ne da ake tsoron ya ƙaru ko warakarsa ta jinkirta, ya halatta ya sha. Amma inda ake tsoron halaka ko cutuwa mai tsanani malaman Malikiyya sun ce shan ruwa wajibi ne, haka Shehu Khalil ya faɗa a littafinsa Mukhtasar, wanda ya dage da azumi a wannan halin shi ne mai laifi. Don haka babu sittin a kansa babu a kanki, kaffara tana kan wanda ya keta alfarmar watan da gangan ba uzuri. Ramuwa ce kawai, rana ɗaya a madadin rana ɗaya. Aman da ya zo masa da kansa ma ba ya karya azumi. Yayansa kuma ki bi shi a hankali, kishin addini ne ya sa shi faɗa, sai dai a tuna masa cewa ɗora wa mutum azumin wata biyu ba da ilimi ba ba ƙaramin abu ba ne.

Sai dai ke ma in gyara miki wani abu, niyyarki mai kyau ce amma madarar nan ba ita ba ce. In ciwo ya taso farat ɗaya, ciki ya sandare ya yi tauri mutum ba ya son a taɓa shi ko ya motsa, wani lokaci ciwon har ya haura kafaɗa, to mai yiwuwa gyambon ya huda ciki ne, kuma duk abin da aka ɗura masa ta baki zai zube ne inda bai kamata ba, ga shi in tiyata za a yi ana son cikin ba komai. A irin wannan ba kunu ba jiƙon kanwa ba rubutu, mota kawai za a nema, addu'a a yi ta a hanya. Kuma ba duk ciwon ƙahon zuciya ba ne olsa, ciwon zuciya ma yana zuwa a haka musamman ga manya da masu suga.

Sai maganar malamin unguwarku, ita ce nake so in tsaya a kai don ta yaɗu sosai, har za ka ga saurayi ɗan shekara 25 ya ce shi an ɗauke masa azumi har abada saboda olsa, yana ba da mudu yana wucewa. Wannan fatawa ba ta tsayu ba. Allah ya ce wanda ya kasance mara lafiya ko matafiyi ya rama a wasu kwanaki, wannan shi ne asali ga duk ciwon da ake sa ran warkewarsa. Ayar ciyarwa da suke kafa hujja da ita, sahabi Salamatu ɗan Akwa'u ya ce an shafe hukuncinta da ayar da ta biyo bayanta, Ibnu Abbas kuma da ya ce ba a shafe ba ya ce ta tsoho ce da tsohuwa da ba za su iya azumi ba, malamai suka haɗa da mai ciwon da aka yanke ƙaunar warkewarsa. To ta wace ƙofa direba mai ƙarfi a jika ya shiga nan? Za su ce ai olsa ba ta warkewa. Wannan tsohon zance ne. Tun 1982 wasu likitoci biyu a Ostireliya, Barry Marshall da Robin Warren, suka gano cewa wata ƙwayar cuta mai suna H. pylori ce take jawo mafi yawan gyambon ciki, aka ƙi yarda da su har Marshall ya sha ƙwayar da kansa ya kamu, daga baya a 2005 aka ba su kyautar Nobel. Yau ana gwajinta ta bayan gida ko numfashi, a haɗa wa mutum magungunan kashe ta da na rage asid irin su omeprazole ya sha kamar sati biyu, mutane da yawa su rabu da ita. Waɗanda ke cewa tasu ta ƙi warkewa ka bincika, ko ba a taɓa musu gwaji ba, ko sun yanke magani a tsakiya da suka ji sauƙi, ko suna ci gaba da abin da ke fama gyambon. Hukunci yana bin gaskiyar ciwon ne ba abin da aka saba faɗa a majalisa ba. In an yi magani yadda ya kamata likita amintacce ya ce wannan mutumin azumi zai ci gaba da cutar da shi rani da damina da hunturu, a nan ne ake maganar ciyar da mudun Annabi ɗaya kowace rana, kuma ko a nan ɗin ma a wurin Malikiyya mustahabbi ne, sauran mazhabobi ne suka wajabta.

Haɗin kemis ɗin nan kuma a daina shi daga yau. Yawancinsa akwai diclofenac ko ibuprofen ko asfirin a ciki, waɗannan su ne na biyu wajen jawo olsa da zubar jini, balle a sha kullum sannan a wuni ciki ba komai. Ki ɗauki ragowar ƙwayoyin ki tafi da su ki nuna wa likita, shi zai zaɓa masa abin da ya dace da bayan nasa. In yana shan sigari ki yi masa nasiha da taushi, tana hana gyambo warkewa. Na san abin da ke sa shi sha, ba ya son ya kwanta gida ya rasa na cefane da balas ɗin mai adaidaita, amma 'yan uwa su tallafa na ɗan lokaci, yayan nasa ga inda zai samu lada.

Kar ya koma azumi sai likita ya sallame shi, ki rubuta kwanakin da ya sha don kar a manta. Ramuwa ba dole sai a jere ba, kuma yana da lokaci har Sha'aban kamar yadda Nana A'isha take yi, ya zaɓi ranakun sanyi da ba zai fita aiki ba. In ciwon ya zarce da shi har wani Ramadan ya shigo ba sakaci ya yi ba, ramuwar ce dai kawai ba ciyarwa a kai. Wallahu a'alam.