Shekarata 44, lokacin komawa karatun gyaran magana bai wuce ni ba?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni malamar firamare ce a nan cikin Kano, shekarata 44, digirina na farko a fannin koyarwa ne. Bara mahaifina ya samu shanyewar ɓarin jiki, maganarsa ta ɗauke, da ƙyar muka samu mai gyaran magana da zai duba shi. Tun daga lokacin aikin ya kwanta mini a rai, ina son in yi digiri na biyu a kansa. Amma ina tsoro: ga shekaru, ga yara huɗu, ga albashin da ba na son in rasa. Wata ƙawata ta ce kada in wahalar da kaina, akwai kwas na mako shida ta intanet, su ba ni satifiket in buɗe wajena. Mece ce shawararku?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ne.

Lokaci bai wuce ki ba. Makarantar karatun gaba da digiri ba shekarun haihuwa take dubawa ba. Abin da take nema shi ne digirinki da darajarsa, cikakken sakamako daga jami'ar da kika gama, da takardar hidimar ƙasa ko ta yafewa. In kin kammala kina da 47 ko 48, da sauran aiki mai yawa a gabanki, kuma uwar da ta kawo ɗanta yana shekara uku bai ce "Mama" ba ta fi sakin jiki da macen da ta yi raino, ta kuma daɗe a aji.

A gida Najeriya, wurin da aka fi sani da wannan karatu shi ne Jami'ar Ibadan, a sashen ilimin masu buƙata ta musamman, inda ake koyar da gwajin ji da gyaran magana. Jami'ar Bayero ma tana da sashen ilimin masu buƙata ta musamman, amma ki lura, digiri a wannan fanni gaba ɗayansa daban, horon gyaran magana na asibiti daban. Mai ba da lasisin aikin ita ce hukumar MRTB, wato hukumar rajistar masu aikin farfaɗo da majinyata, wadda aka kafa da doka ta 38 ta shekarar 1988, kuma ita ce ke yi wa masu gashin ƙashi rajista. Kafin ki biya ko sisi a kowace makaranta, ki rubuta wa hukumar ki tambaya ko wannan kwas ɗin, haɗe da irin digirinki na farko, zai kai ki ga rajista. Ki karɓi amsar a rubuce. In waje kike hange, a Ingila akwai digiri na biyu na shekara biyu ga masu shigowa daga wani fanni. A Amurka sai kin fara cike darussan share fage, ki yi awa 400 na aikin asibiti a ƙarƙashin kulawa, bayan digirin kuma ki ƙara mako 36 na horo.

Na kawo waɗannan alƙaluma ne da gangan, domin ki ajiye su kusa da mako shidan ƙawarki.

Malama, wannan magana ita ce ta fi ci mini tuwo a ƙwarya a garin nan. Mutane sun ɗauka gyaran magana haƙuri ne kawai da katunan hotuna: a zaunar da yaro a ce masa "ce ƙwallo", ya ce, a tafa masa. Saboda haka duk wanda ya kalli bidiyo ashirin ya buga satifiket mai zanen zinariya sai ya kama shago ya liƙa allo. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, kuma a wannan sana'a wuyan majinyaci yake shaƙewa.

Ki ɗauki irin ciwon Baba. Tsokoki da jijiyoyin da muke magana da su, su ne muke haɗiya da su. Da yawa daga masu shanyewar ɓarin jiki haɗiyarsu tana taɓuwa, kuma mafi hatsari shi ne wanda abinci ko ruwa ke zarcewa hanyar iska ba tare da ya yi tari ko sau ɗaya ba. 'Yan'uwa suna murna "yau ya sha kunu kofi guda", alhali wani ɓangare na kunun yana huhu. Bayan kwana kaɗan sai zazzaɓi, sai numfashi sama-sama, sai a ce maleriya ce ko ciwon ne ya dawo. Ruwa tsinkakke, wanda kowa ke ganin shi ne mafi sauƙi, sau da yawa shi ya fi wuyar sarrafawa a irin wannan maƙogwaro. Mai horo na gaske ya san muryar da ta jiƙe bayan kurɓa ɗaya, ya san yadda za a zaunar da majinyaci, ya san kaurin abincin da ya dace da shi, ya san lokacin da zai ce a dakatar da ciyarwa ta baki a sa robar hanci, da lokacin da zai nemi hoton haɗiya. Wannan ba a koyonsa a waya. A gefen gado ake koyonsa, wani babba yana tsaye a kanki yana gyara miki hannu.

Haka batun yara. Kullum sai an kawo mana yaro ɗan shekara huɗu ko biyar wanda ya zaga ko'ina. Kakarsa ta ce namiji ne, nauyin baki gadon gidansu ne, a jira. An kai shi wajen wanzami an cire beli, wani ma an yanka masa zaren ƙarƙashin harshe, ya zubar da jini a banza, domin beli ba shi ke hana magana ba. Daga nan aka kai shi wajen mai satifiket, aka yi shekara ana biyan kuɗi ana nuna masa hotuna. Duk cikinsu babu wanda ya ce a gwada jinsa. Mu kuwa a ƙasar da sanƙarau da ƙyanda da shawarar jarirai suke kurumtar da yara, gwajin ji shi ne matakin farko ga duk yaron da magana ta yi wa jinkiri. Ƙa'idar da masana suka tsayar ita ce a tantance jin jariri kafin wata 1, a tabbatar da matsalar kafin wata 3, a fara taimako kafin wata 6. Shekarun da ƙwaƙwalwa ta fi karɓar harshe su ne aka ƙone a shagon nan, kuma ba sa dawowa. Ga kuma magidancin da muryarsa ta dushe wata da watanni, ana ba shi motsa murya da zuma da citta, alhali abin da yake buƙata likitan kunne da hanci da maƙogwaro ya leƙa, don ciwon daji na maƙogwaro sau da yawa da dushewar murya yake fara sallama. Wanda bai san iyakar saninsa ba ba zai tura majinyaci gaba ba, saboda bai ma san akwai abin turawa ba. Kuma duk wanda ya karɓi kuɗin bayin Allah a kan aikin da bai iya ba, haƙƙi ne zai amsa tambayarsa. Gajeren kwas yana da amfani ga wanda ya riga ya ƙware yana ƙarin sani, ko ga uwa mai son taimakon ɗanta a gida. Lasisi ne dai ba ya zama.

Batun albashi kuma, kada ki ajiye aiki. Ki nemi hutun ƙaro karatu ta hannun hukumar da ta ɗauke ki, ki fara da wuri, domin fayil yana iya kwana a tebur ɗaya har zangon karatu ya wuce. Haka takardar sakamako: ki fara bibiyarta tun yanzu, ita ce ta fi kayar da masu nema. Ki zauna da maigida ku yi lissafi na gaskiya, saboda watannin aikin asibiti ba sa haɗuwa da koyarwa kullum, kuma in Ibadan ce, nisan ba na zuwa da dawowa a ƙarshen mako ba ne.

Kafin duk wannan, ki nemi izini a rubuce ki je kallon aiki a sashen kunne da hanci da maƙogwaro na Asibitin Malam Aminu Kano, ki kuma ziyarci makarantar kurame da makafi ta Tudun Maliki. Ki ga yawu da majina da uwa mai kuka, ki ga majinyacin da aka yi wata uku kafin ya furta sunan matarsa, sannan ki auna zuciyarki.

Hausarki ma jari ce babba. Yawancin gwaje-gwajen da ake da su da Turanci aka gina su, ba su san ɓ da ɗ da ƙ da ts ba, ba su san karin sauti da tsawon wasali ba. Dattijuwar da maganarta ta ɗauke a Ƙofar Mata ba za a dawo mata da ita da Turanci ba. Idan kika samu gurbi, ki sa binciken digirinki a kan yaran Hausawa ko masu shanyewar ɓarin jiki a Kano, kuma ranar ganawa ki tambaye su awa nawa ɗalibi yake yi da majinyata, a wane asibiti, kuma wa ke sa masa hannu.