Ga mai shirin yin mako guda a dutsen Obudu

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Na ga tambayarka cewa ƙungiyarku ta ma'aikata za ta je Obudu Ranch, wurin shaƙatawan nan na jihar Kuros Riba, taron mako guda, ku kusan ashirin daga Kano, kuma an ɗora maka nauyin mota, abinci da masauki. Allah ya taimaka, wannan aikin na taɓa ɗaukarsa har sau biyu.

Abin da ya fi cutar da mutanenmu shi ne jin an ce Kuros Riba sai su ɗauka zafi ne irin na Kalaba. Ba haka ba ne ko kusa. Wurin yana kan tsauni a ƙaramar hukumar Obanliku, kusa da iyakar Kamaru, tsayinsa ya haura mita 1,500. Tun 1951 Turawa suka buɗe shi don kiwon shanu, saboda ciyawa da sanyinsa. In ka taɓa kwana a Gembu kan Mambila, to irin wannan za ka sa a ranka. Tafiyarmu ta farko wani dattijo ya zo da kaftani biyu marasa nauyi da silifas, daren farko sai da muka haɗa masa bargo da rigar sanyin direba. Ka rubuta wa kowa tun yanzu: rigar sanyi mai kauri, hular sanyi, safa, takalmi sau-ciki mai riƙe ƙasa, da ƙaramin bargo ko da an ce akwai a ɗaki. In da damina za ku je, ƙara lema da rigar ruwa, don hazo kan rufe wurin har ka kasa ganin wanda ke gabanka, kuma wanki ba ya bushewa. Da shawarata za a bi, a je tsakanin Nuwamba da Fabrairu.

Hanya kuwa, kada wani ya ruɗe ku da cewa a yini ɗaya za a isa. Ku raba ta biyu. Mu ta Akwanga da Lafiya muka bi, muka kwana Makurɗi, da asuba muka kama hanyar Gboko da Vandeikya zuwa garin Obudu. Garin daban, ranch ɗin daban: akwai sauran tafiyar kilomita kusan 60, sannan a ƙarshe hawan dutse mai kwana-kwana sama da ashirin. Wannan hawan da rana ake yinsa, kafin la'asar ta yi sanyi. A duba birki da tayoyi tun a gida, a cika tanki a garin Obudu, kuma a samu direban da ya san saukowa da ƙaramin giya, ba mai danne birki har ya yi wari ba. Masu amai a mota su zauna gaba da lemun tsami ko ɗanyar citta. Akwai motar igiya mai hawa da mutane kan dutsen da aka kafa a 2005 zamanin Gwamna Donald Duke, da filin jirgin Bebi a ƙasa, amma ka kira ka ji ko suna aiki a makon da za ku je, kada ka gina lissafinka a kansu.

Abinci ne ya fi cin rai a mako guda. Kwana biyu kowa zai haƙura da abin da aka ba shi, ranar ta uku za ka fara jin ana cigiyar tuwo. Ka yi magana da masu masaukin tun kafin biyan kuɗi: sau nawa za a ci a rana, shayi yana ciki ko daban, kuma za su yarda ku kawo namanku? Mu rago biyu muka saya a hanya, ɗaya daga cikinmu ya yanka, hankalin kowa ya kwanta. Daga gida muka ɗauko garin tuwo, kuka, daddawa, yaji, kilishi, dambun nama da kayan shayi. Filas ɗin ruwan zafi kuma kowane ɗaki ya samu ɗaya, don alwalar asuba da ruwan can sai mai ƙarfin hali.

Tunda na ambaci alwala: a hanya za ku yi ƙasaru, amma da yake kun yi niyyar zaman da ya wuce kwana huɗu, a mazhabar Malikiyya cika salla za ku yi da kun sauka. Ku ɗauki darduma da buta, ku roƙi a ware muku gefe guda na ɗakin taro.

Kuɗi a riƙe tsaba. Sabis ɗin waya kan zo ya ɗauke, ranar da ya ɗauke kuwa ba tiransifa ba POS. Ka gaya wa kowa ya sanar da iyalinsa haka, kada a kira sau uku ba a samu ba a tayar da hankalin gida. Masu hawan jini, suga ko asma su zo da maganin kwana goma, ba bakwai ba. Tocila da fawa banki ma kada a manta.

Sai wani kuskure da na yi da kaina. Na cika jadawali da zama daga safe har magariba, mutane suka riƙa sulalewa suna tafiya kallon tsaunuka, ɗakin taro ya koma rabi. Karo na biyu na tsayar da zama ƙarfe biyu, na ware yini guda cur don gadar igiya ta dajin Becheve da wurin ruwa, tare da ɗan jagora daga mutanen wurin, aka daina guduwa. Rabon ɗakuna kuma ka gama shi a takarda tun a Kano, masu minshari ka haɗa su wuri ɗaya.

In ka faɗa mini watan da kuka tsayar da ko akwai mata da yara a tafiyar, zan ƙara maka bayani kan ɗakuna.