Amsa ga mai Datsun 240Z

Malam, ka ce motar Baba 240Z ka gada, kana so ka ƙara mata ƙarfin inji ka kuma sauke ta ƙasa. Ni dai kar ka fara da inji. Bakanike ya ɗaga ta tukuna ya leƙa ƙarƙashinta, tsatsa ce ke cinye motocin nan, sannan ya duba shok da bushin da birki. Injinta L24 ne, lita 2.4, in ka samu injin L28 na Datsun 280Z zama zai yi daram ba walda, ka zaga kasuwar kayan gyaran mota ta Ƙofar Ruwa a Kano, in babu sai oda daga waje. Batun sauke ta kuwa, haba, da ramukan damina? Ranar farko za ka bar salansa a titi wallahi. Lagireto ma a wanke shi kafin zafin Afrilu.