Kafin Ka Buga Wa Yara Dodon Katun: Amsoshin Tambayoyinku

Tambayoyin wannan karon kusan duk hanya ɗaya suka bi. Yara sun kalli fim ɗin katun na dodanni, irin dodannin nan da ban dariyarsu ya fi ban tsoronsu yawa, sun dawo sun addabi iyaye sai an fitar musu da mutum-mutuminsu a firintar 3D, wato na'urar da ke gina abu hawa-hawa daga zanen kwamfuta. Ga waɗanda muka zaɓo.

Tambaya: Yarana biyu, 'yar shekara tara da ƙaninta ɗan shekara biyu da rabi, sun nace sai na samo musu dodannin. Ina shirin sayen firinta. Wacce zan ɗauka, mai zaren roba ko mai ruwan resin? A hoto dai na resin sun fi kyau nesa ba kusa ba.

Amsa: Malam, hoton bai yi maka ƙarya ba, rabin labarin kawai ya ba ka. Na'urar resin tana ɗora hawa-hawa masu kaurin milimita 0.05, shi ya sa haƙoran dodo da gashin girarsa ke fitowa tsaf. Amma ruwan, kafin ya daskare, yana cin fata kuma yana da wari. Sai da safar hannu ta naitiril, da ɗaki mai shigar iska, da wanke kowane mutum-mutumi a sinadarin isopropyl, sannan a gasa shi ƙarƙashin fitilar UV. Ruwan wankin ma ba a zubar da shi a magudana. Bayan duk wannan ɗawainiya, resin na gama-gari gautsi gare shi: dodo ya faɗo daga tebur, ƙaho ya fita, ya bar tsini mai kaifi.

Ɗauki mai zare, ka sayi zaren roba nau'in PLA mai kaurin milimita 1.75. Dodannin katun dama jikinsu a mulmule yake, ga ƙaton kai, ga manyan idanu, babu ƙananan zane-zanen da za su gagari bakin na'ura, inda narkakken zaren ke fitowa, na milimita 0.4. Ka sa kaurin hawa 0.12, tsayin dodon ya kai santimita 10 zuwa 15, layukan ba za su dame ka ba.

Ƙaramin kuwa, a ba shi haƙuri. Ma'aunin da ake gwada kayan wasan yaran da ba su kai shekara uku ba shi ne wani ɗan bututu mai faɗin milimita 31.7, duk abin da ya shige cikinsa gaba ɗaya yana iya shaƙe yaro. Kunne ko yatsan dodo da ya ɓalle zai shige har da sauran wuri.

Tambaya: Na ga fayil ɗin dodo ɗaya kyauta a wani shafi, na kuma ga na kuɗi a wani. Ina dalilin biyan kuɗi kan abin da ake rabawa a banza?

Amsa: Ɗan'uwa, a nan ne yawancin asara take, ba a wajen na'ura ba. Kuɗi ba shi ne shaidar inganci ba; akwai fayilolin kyauta masu kyau a shafukan Printables da Thingiverse, akwai na kuɗi marasa kan gado a wasu wuraren. Abin dubawa na farko: shin akwai hoton wanda aka buga da gaske, an riƙe shi a hannu? Idan duk hotunan na kwamfuta ne, masu sheƙi kamar a cikin fim, mai yiwuwa ko shi mai zanen bai taɓa gwada bugawa ba.

Da yawa daga cikin na banzan nan daga wasannin bidiyo aka zaro su. An yi su ne don ido, ba don hannu ba. Alkyabbar dodo mai shan jini, alal misali, a wasa fatar fuska ɗaya ce kawai, ba ta da kauri ko kaɗan. Ka zuba ta a Cura ko PrusaSlicer, manhajojin da ke shirya fayil don bugawa, ka buɗe wajen duba hawa-hawa, ka ja daga ƙasa zuwa sama: za ka ga alkyabbar ta ɓace ɓat, ko ta fito da ramuka. Duk wani sashe da kaurinsa bai kai milimita 0.8 ba, wato layi biyu na bakin na'ura, kada ka sa rai da shi. Wannan dubawar ba ta cin minti biyar, kuma tana ceton aikin awa goma.

Abin da ya cancanci a biya shi ne fayil ɗin da aka rarraba gaɓa-gaɓa: kai daban, hannuwa daban, ƙahoni daban, kowanne da ɗan turke da ramin da zai shiga. Kowace gaɓa sai ka kwantar da ita yadda ta fi dacewa, ka buga ta da launinta, ka huta da rabin fenti. Ka lura kuma da wanda aka rubuta an riga an sa masa matokarai, wato 'yan sandunan da ke tokare sassan da ke rataye yayin bugawa. Galibi don resin aka yi su, sirara ne kamar allura, a na'urar zare ba sa tsayawa. Nemi kwafin da babu su.

Wani ɗan abin da ke ruɗa sababbi: fayil ɗin STL ba ya ɗauke da launi, ba ya kuma faɗin ko da inci aka auna ko da milimita. In ka buɗe ka ga dodo kamar ƙwayar gero, da inci aka yi shi. Ninka shi sau 25.4. Fayil ɗin 3MF ba shi da wannan matsala.

Tambaya: Sau uku ina bugawa. Hannuwan sun koma kamar taliya, ƙarƙashin haɓa ya yi kaushi, na ukun ma ya tuge daga farantin da ake gini a kansa ana tsakiyar aiki. Na'urar ce ba ta da kyau, in mayar?

Amsa: Kada ka mayar, lafiyarta ƙalau. Na'ura ba ta gini a kan iska. Duk inda jiki ya karkato waje fiye da digiri 45, kamar hannun da aka miƙa ko haɓa ko ƙasan tumbi, sai an tokare shi. Kunna matokarai masu siffar bishiya, sun fi sauƙin cirewa kuma tabonsu kaɗan ne. Ka ɗan kishingiɗar da dodon ta baya domin tabon ya faɗa a gadon baya, fuska ta fita sumul. Tsakanin matokari da jiki ka bar ratar milimita 0.2, in ta gaza haka sai ya manne, ka cire shi da fatar dodon.

Tugewa kuwa daga ƙafafu take. Dodo mai ƙaton ciki da 'yan siraran ƙafafu, abin da ya taɓa faranti bai taka kara ya karya ba. Wanke farantin da sabulun wanke-wanke, domin maiƙon yatsa kaɗai ya isa ya hana kamawa. Sa zafinsa digiri 60 a ma'aunin Celsius, na baki tsakanin 200 da 215, ka ƙara masa gefe mai faɗin milimita 5 zuwa 8 kewaye da ƙafafun.

Akwai abin da ba ka tambaya ba amma yana nan tafe: ƙafafun nan za su karye. Abin da aka buga a tsaye, rauninsa yana tsakanin hawa da hawa ne, kamar icen da ake faskarawa ta tsawonsa. Ƙara yawan ciko, wato robar da ke cike cikin jiki, ba ya magance wannan sosai. Kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari ya wadatar wa jiki. Bango, wato layukan waje na jiki, za ka ƙara, daga biyu zuwa huɗu. In ƙafafun daban suke a fayil, buga su a kwance. In kuma ka ga zare-zare kamar yanar gizo tsakanin ƙahoni, zarenka ya sha danshi: busar da shi a zafin digiri 45 na awa huɗu zuwa shida.

Tambaya: Na santimita 10 ya yi kyau. Ina son na santimita 20, zare ninki biyu zan tanada?

Amsa: A'a. Tsayi da faɗi da kauri duk suna ninkuwa tare, girman jikin ya zama ninki takwas. Tun da cikinsa ba a cike yake ba, zaren ba lalle ya kai haka ba, amma zai wuce ninki biyu da nisa, haka ma lokaci. Manhajar tana nuna giram da awanni kafin ka danna. Duba, ka gwada da abin da ya rage maka a naɗin kilo ɗaya.

Tambaya: Wane fenti zan saya? Wanda na shafa ya ƙi zama, layukan ma sai suka ƙara fitowa.

Amsa: Malama, fenti ba ya rufe layi, tona masa asiri yake yi. Ki fara gogewa da samfefa mai lamba 220, ki bi da 400, a hankali, don PLA yana laushi in ya ji zafin guga. Sai ki fesa fentin shimfiɗa mai cike ƙananan ramuka, ya bushe, ki sake bi da 400. Bayan nan ne fentin akirilik zai zauna. Ki ɗan tsinka shi da ruwa, ki shafa sau biyu ko uku siri-siri maimakon sau ɗaya da kauri. Idanu su ne ƙarshe, kuma ɗan farin ɗigon nan a gefen baƙin ido shi ke sa dodo ya yi rai. Da tsinin tsinken sakace ake sa shi, ba da buroshi ba. Gaɓoɓi ki haɗa su da gam mai saurin kamawa, amma ki kankare fentin da ya hau turakun tukuna. Kuma kada a bar shi cikin mota a rana, PLA yana fara lanƙwashewa wajen digiri 60.

Tambaya: Mutane sun gani sun yaba, har wasu na cewa in buga musu su biya. Tun da na sayi fayil ɗin, ai ina da damar sayarwa ko?

Amsa: Abin da ka saya izinin bugawa ne don amfanin kanka, sai fa in an rubuta akasin haka. Duba lasisin da ke ƙasan fayil ɗin. In ka ga haruffan NC, an hana kasuwanci da shi ke nan. Ko da mai zanen ya ce ya yarje maka, bai isa ya ba ka abin da ba nasa ba: siffar dodon da sunansa na kamfanin da ya yi fim ɗin ne. Shi ya sa ake wayar gari a ga an sauke irin waɗannan fayiloli da kayayyaki daga shafukan ciniki. In da gaske kake son sana'ar, akwai masu zane a MyMiniFactory da Cults3D da ke ƙirƙirar dodanninsu na kansu, suna sayar da lasisin kasuwanci, yawanci na wata-wata. Karanta sharuɗɗan kafin ka biya, domin a mafi yawansu damar sayarwa tana ƙarewa ne ranar da ka daina biyan kuɗin watan.