Layin tsakanin tayil ya yi baƙi, ya za a maido da shi?

Malam, ka ce farin simintin tsakanin tayil ɗinka ya yi baƙi. Yawanci ruwan mofa mai datti da sabulu ne ke shiga ramukansa.

Ka haɗa Hypo (ruwan bilic) kofi 1 da ruwa kofi 10, ka zuba a layin, bayan minti 10 ka dirje da burushin haƙori, ka ɗauraye. Kada ka kuskura ka gauraya shi da Harpic ko asid, hayaƙinsa guba ne. Asid kuma cinye simintin yake yi.

In bai fita ba, ka kankare simintin zurfin milimita 3, ka cika da sabon kwaɓi mai kauri. In ruwa ya yi yawa a kwaɓin, zai tsattsage. Bayan kwana 3 ka shafa sila mai hana ruwa shiga.