Tambaya da Amsa: Shin tsirrai na iya maye gurbin maganin ƙwayoyin cuta?

Tambaya: Na ji an ce masu bincike sun tabbatar wasu tsirrai suna kashe ƙwayoyin cuta. Shin zan iya shan su a madadin maganin da likita ya rubuta mini?

Amsa: Maganar tana da tushe, amma ba ta kai nan ba. Tun a 1944 wani masanin sinadarai mai suna Chester Cavallito ya ware sinadarin alisin daga tafarnuwa a Amurka, ya kuma nuna cewa yana hana bakteriya yaɗuwa. Sinadarin ba ya samuwa sai an daka ko an yanka tafarnuwar, kuma zafi yana saurin lalata shi.

Ga yadda ake gwada tsirrai a ɗakin bincike. Ana jiƙa busasshen ganye ko saiwa a ruwa ko etanol (sinadarin da ke cikin barasa), a tace, sannan a ɗiga a kan 'yar takarda da aka ɗora cikin farantin da aka shuka bakteriya. Bayan kwana guda a ɗumi irin na jikin mutum, idan an ga fili fes ya kewaye takardar, wato inda bakteriya ta kasa yaɗuwa, sai a auna faɗinsa da milimita.

To, amma faranti ba shi da hanta ko ƙoda. A jikin mutum, hanji na iya kasa tsotse sinadarin, ko hanta ta wargaza shi kafin ya isa inda cutar take, kuma ƙarfinsa yana bambanta daga wannan ganye zuwa wancan. Saboda haka kada ka ajiye maganin likita, kuma ka sanar da shi duk tsiron da kake sha.